Kama da Wane: Auna Matashin Ɗan Tanis da Gwarzon da Ya Gabata

Kwatanta matashin ɗan wasa da gwarzon da ya gabace shi tsohuwar al'ada ce a wasan tanis. Da zarar yaro ya fara kayar da manya, tun bai ɗaga kofin kirki ba, 'yan jarida da 'yan kallo sun samo wanda za su jingina shi da shi, a ce ga sabon wane, ga magajin wane. A 'yan shekarun nan babu wanda aka yi wa haka kamar Carlos Alcaraz na ƙasar Sifen, wanda aka haifa ranar 5 ga Mayu 2003 a El Palmar, kusa da birnin Murcia. Tun yana ɗan shekara 16 aka fara kiransa sabon Rafael Nadal, wato mutumin Manacor na tsibirin Mallorca, haihuwar 1986, wanda ya ci manyan gasannin Grand Slam sau 22, guda 14 daga ciki a filin jar ƙasa na Roland Garros da ke Paris. Tambayar da wannan laƙabi ke tayarwa ta wuce wasa: shin hankali ya yarda a auna wanda bai gama rayuwar aikinsa ba da wanda ya gama, kuma in ya yarda, adalci ya yarda?

Abin da ya hura wutar kwatancin ya faru ne a Madrid, a shekaru biyu a jere. Ranar 5 ga Mayu 2021, ranar da Alcaraz ya cika shekara 18, aka haɗa shi da Nadal, Nadal ya lallasa shi da ci 6-1, 6-2. Da shekara ta zagayo, a wannan gasa dai, yaron ya kayar da Nadal a zagayen 'yan takwas, washegari ya kayar da Novak Djokovic, sannan ya ɗauke kofin a hannun Alexander Zverev. Kafin shi babu wanda ya taɓa kayar da Nadal da Djokovic a gasa ɗaya a kan jar ƙasa. A watan Satumba na wannan shekara ya ci gasar Amurka a New York, ya zama na ɗaya a duniya yana ɗan shekara 19, mafi ƙanƙantar shekaru a tarihin jadawalin maza. Nadal ma yana da 19 ya ci babbar gasarsa ta farko a 2005. Ƙasa ɗaya, shekaru ɗaya, zafin nama iri ɗaya. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma da wannan ido aka kalli yaron.

Sai dai wanda ya ce sabon Nadal ya cuɗa maganganu uku ne a cikin numfashi ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai bayanin kama, cewa wannan yana wasa irin na wancan. Akwai hasashe, cewa zai kai inda wancan ya kai. Akwai kuma hukunci, cewa da mudun wancan za a auna wannan, in bai cika shi ba ya gaza. Maganar farko ido na iya tabbatar da ita ko ya ƙaryata ta yau. Ta biyu magana ce a kan gobe. Ta uku kuwa magana ce a kan darajar mutum. Galibin ruɗanin da ke cikin muhawarar ya samo asali ne daga yadda ake kafa hujja da ta farko, a zarce da ita zuwa sauran biyun ba tare da an lura an tsallaka ba.

Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da tsara yadda ake ɗaukar hukuncin abu a ɗora wa wani abu mai kama da shi, kuma tsarin nasu yana da amfani a nan ko da batun ba na shari'a ba ne. A wurinsu ƙiyasi yana da rukunai huɗu: asali, wanda aka san hukuncinsa, reshe, wanda ake neman hukuncinsa, hukuncin kansa, da kuma illa, wato dalilin da ya sa asalin ya sami wannan hukunci. Misalin da ɗalibai suka fi sani shi ne na giya. An hana ta saboda tana gusar da hankali, don haka duk abin da ke bugarwa ya bi sahunta, ko da launinsa da ɗanɗanonsa sun bambanta. Ruwan zoɓo kuwa, ko ya yi ja kamar giyar inabi, hukuncin bai hau kansa ba, domin ba launi ne illar ba. Ƙiyasin da aka gina a kan kamannin da ba su ne dalili ba, ko wanda aka yi alhali akwai bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe, malamai suna jefar da shi.

In aka bi wannan hanya, Nadal ne asali, Alcaraz reshe, hukuncin kuwa shi ne zama gwarzon gwaraza. Saura illa. Me ya mayar da Nadal abin da ya zama? Ba zama ɗan Sifen ba ne, domin Sifen ta fitar da ƙwararru da dama, ciki har da Juan Carlos Ferrero, wanda ya ci Roland Garros a 2003, ya taɓa zama na ɗaya a duniya, kuma shi ne ya reni Alcaraz a makarantar tanis ta Villena. Amma babbar gasa ɗaya tak ya ci. Ba cin gasa da ƙuruciya ba ne, kamar yadda za a gani nan gaba. Ko salon wasan ma, wanda aka fi dogara da shi, in aka matso kusa sai a ga ya rabu biyu.

Nadal bahago ne a fili, ko da yake da dama yake rubutu. A zamanin wasansa yakan tsaya can baya nesa da layi, wani lokaci dab da bangon fili, yana jiran bugun abokin karawa. Bugunsa na gaban hannu daga ƙasa yake tasowa, ya share bayan ƙwallon zuwa sama, raket ɗin ya ƙare a kan kansa kamar mai wurga igiya. Ƙwallon ta tafi tana juyawa, ta faɗi, ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa ta ɓangaren bayan hannunsa, inda duka ya fi wuya. Haka zai yi ta yi, sau goma, sau ashirin, har wancan ya gaji ya yi kuskure. Ko a lokacin hutu tsarinsa ba ya sauyawa: gorunan ruwansa biyu yakan jera su a gaban kujera a wuri ɗaya, fuskarsu na kallon waje ɗaya, kowane lokaci. Alcaraz kuwa da dama yake wasa, kuma ba ya son dogon ja-in-ja in ya ga hanyar yanke shi. Yakan ɗaga raket kamar zai fasa ƙwallon, abokin karawa ya ja da baya, sai ya sassauta wuyan hannu a ƙarshe ya ajiye ta a hankali bayan raga, ta mutu a wurin. Yana rugawa gaban raga, yana gwada bugun da mai hankali zai ce ganganci ne, in ya shiga ya yi murmushi ya ɗora yatsa a kunne yana neman shewar 'yan kallo. Shi da kansa ya sha faɗin cewa salonsa ya fi kusa da na Roger Federer, kuma bayan wasan ƙarshe na Wimbledon a 2023 Djokovic ya bayyana cewa yana ganin wani abu na kowane ɗaya daga cikin su ukun, shi da Federer da Nadal, a jikin yaron. Tarihin kofunansu ma ya nuna bambancin: Nadal ya ci Roland Garros sau huɗu kafin ya ci Wimbledon a 2008, bayan ya faɗi a wasan ƙarshe a 2006 da 2007, shi kuwa Alcaraz a filin daɓe ya fara, ya bi da ciyawa, jar ƙasa ce ta zo ta uku a 2024.

Illar gaskiya tana wani wuri dabam, kuma ita ce daɗewa. Tun a 2005 likitoci suka gano Nadal yana da ciwon ƙashi a ƙafarsa ta hagu, irin wanda ba ya warkewa, har aka yi fargabar ƙarshen wasansa ke nan. A 2009 gwiwoyinsa suka hana shi kare kofinsa a Wimbledon. Daga tsakiyar 2012 ya yi wata bakwai ba ya wasa. Shekarun 2015 da 2016 suka wuce bai ci babbar gasa ko ɗaya ba, masu sharhi da yawa suka ce ya ƙare. Amma a Janairun 2022, yana ɗan shekara 35, ya farfaɗo bayan Daniil Medvedev ya ci turmi biyu na farko, ya ci gasar Ostiraliya cikin sama da sa'a biyar. A watan Yuni ya ci Roland Garros karo na 14 ana yi masa allurar kashe zafi a ƙafa, kamar yadda shi da kansa ya bayyana. Tsakanin kofinsa na farko da na ƙarshe shekara 17 ne. Wannan shi ne abin da ake nufi in an ce Nadal, kuma abu ne da ba ya yiwuwa a gan shi a jikin ɗan shekara 19, komai baiwarsa, domin shekarun da za su nuna shi ba su zo ba tukuna. Ƙiyasin ya rasa rukuninsa mafi muhimmanci ke nan: illar da ke cikin asali ba a iya tabbatar da ita a cikin reshe.

Masana falsafar Girka sun iso wannan matsaya ta wata ƙofa. Aristotal ya bambanta abin da yake a halin iya zama da abin da ya riga ya zama, bambancin da Ibnu Sina da Ibnu Rushdi suka gada suka faɗaɗa. Ya lura cewa in an ce yaro zai iya zama jagoran yaƙi, an kuma ce babban mutum da ya koyi yaƙi zai iya zama jagora, kalmar ɗaya ce amma ma'anar biyu ce, domin tsakanin yaron da jagoranci akwai sauye-sauye masu yawa da dole su auku. Ya kuma ƙara da cewa duk abin da yake iya kasancewa yana iya rashin kasancewa. Baiwa ƙofa ce a buɗe ta fuska biyu. Akwai kuma labarin da Herodotus ya kawo na Solon, mai hikimar Atina, da sarki Croesus na Lidiya, wanda ya nuna masa taskokinsa yana son a ce masa shi ne mafi sa'ar mutane. Solon ya ƙi, ya ce ba a yanke wa mutum wannan hukunci sai an ga yadda ya ƙare, kuma daga baya Farisawa suka ci ƙasar Croesus. Shi kansa Plutarch, wanda ya fi kowa shahara da jera manyan mutane biyu-biyu yana auna su, Iskandar da Kaisar, Demosthenes da Cicero, bai taɓa haɗa mai rai da matacce ba. Rayuwa biyu kammalallu yake ɗorawa a sikeli.

Tarbiyyar Musulunci ma ta san wannan taka-tsantsan. Hadisi ya inganta cewa ayyuka da ƙarshensu ake duba su, kuma sanin abin da mutum zai samu gobe yana cikin gaibun da Allah ya keɓe wa kansa. Waɗannan nassoshi a kan makomar bawa suke magana, wadda ta fi kofi nauyi nesa ba kusa ba, amma ɗabi'ar da suke koyarwa ta shafi kowane zance a kan gobe: a faɗi abin da aka gani, a yi fata, a bar yanke hukunci ga lokacinsa.

Tarihin tanis kansa ya gaskata wannan da misalai masu tsanani. Michael Chang ya ci Roland Garros a 1989 yana ɗan shekara 17, har yau babu namijin da ya ci babbar gasa da ƙanƙantar shekaru kamarsa, kuma bai sake cin wata ba. Lleyton Hewitt, wanda Alcaraz ya karɓe tarihin zama na ɗaya da ƙuruciya daga hannunsa, biyu ya ci. Juan Martín del Potro ya kayar da Nadal da Federer a jere ya ci gasar Amurka a 2009 yana da shekara 20, ciwon wuyan hannu ya cinye sauran shekarunsa masu kyau. Björn Borg ya tara 11 yana da shekara 25, sannan ya ajiye raket da kansa. Monica Seles ta ci takwas kafin ta cika 20. Ranar 30 ga Afrilu 1993, tana zaune a lokacin hutu a wani wasa a Hamburg, wani ɗan kallo ya soke ta da wuƙa a baya, kuma bayan ta dawo guda ɗaya ta ƙara, a 1996. A ɗaya gefen ga Djokovic, wanda ya ci ta farko a 2008, ya yi shekara uku kafin ta biyu, aka daɗe ana yi masa kallon na uku a bayan Federer da Nadal. Ya kai 24, kuma 12 daga ciki bayan ya haura shekara 30 ya ci su. Duk wanda ya yi hasashe daga Larabar waɗannan mutane ya ɓata lissafi, wani ta sama, wani ta ƙasa.

Abin da ke sa a manta da wannan shi ne yadda tunanin ɗan Adam yake zaɓe. Ana tuna cewa Federer yana ɗan shekara 19 ya kayar da Pete Sampras a Wimbledon a 2001, ana ba da labarin kamar miƙa sandar sarauta, domin abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Matasan da suka kayar da manya a wata rana sannan suka ɓace kuwa babu mai ƙirga su. Richard Gasquet na Faransa ya isa misali. Kwana 15 ne tsakanin haihuwarsa da ta Nadal. Yana ɗan shekara tara, a 1996, wata mujallar tanis ta ƙasarsa ta sa hotonsa a bangonta tana tambaya ko shi ne gwarzon da Faransa ke jira, ƙasar da rabonta da namiji mai cin babbar gasa tun Yannick Noah a 1983. A 1999 ya kayar da Nadal a gasar yara ta garin Tarbes. A 2005 ya kayar da Federer a Monte Carlo yana da shekara 18. Da a ce a wannan lokaci aka tambayi masana wane ne zai fi cikin yaran biyu, da ra'ayi ya rabu. Bayan sun girma sun haɗu sau 18, Nadal ya ci duka.

Akwai wata matsala kuma da ke tasowa in tazarar zamani ta yi faɗi, kamar lokacin da ake kwatanta matashin yau da Borg ko Rod Laver. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya lissafa cikin ɓoyayyun kura-kuran masu tarihi mantawa da cewa halayen al'umma suna sauyawa da sauyawar zamani, sai mutum ya auna abin da ya ji na da da abin da ya gani na yanzu, alhali sun yi nisa da juna. Borg da raket na katako ya ci kofunansa; daga farkon shekarun 1980 aka koma na garafait, mai sauƙi da faɗin fuska, daga baya kuma zaren roba mai tauri ya ba da damar juya ƙwallo yadda na da ba su iya ba. Wimbledon ta sauya irin ciyawarta a 2001. Borg sau ɗaya kawai ya je gasar Ostiraliya, domin a zamaninsa manya da yawa ba su damu da ita ba. Laver, wanda ya ci gasannin huɗu cikin shekara ɗaya har sau biyu, a 1962 da 1969, an hana shi shiga su daga 1963 zuwa 1967 saboda ya koma wasan kuɗi. Adadin kofuna, wanda ake ɗauka kamar mudu ɗaya ga kowa, a zahiri kowane zamani da girman nasa mudun. Tsakanin Nadal da Alcaraz wannan tazara ba ta da yawa tunda sun haɗu a fili, amma ko a nan abokan hamayya sun bambanta: wancan ya yi rayuwarsa tsakanin Federer da Djokovic, wannan kuwa Jannik Sinner na Italiya ne a gabansa.

Wani lokaci lissafi kan zo da daidaiton da ke ɗaure kai. Ranar 8 ga Yuni 2025 Alcaraz ya ci babbar gasarsa ta biyar a Paris, bayan Sinner ya ci turmi biyu na farko, ya kuma sami dama har uku inda maki ɗaya ya rage masa ya ɗauki kofin; wasan ya ɗauki sa'a 5 da minti 29. A ranar shekarun Alcaraz 22 da wata ɗaya da kwana uku. Nadal ya ci tasa ta biyar a Wimbledon ranar 6 ga Yuli 2008, shi ma bayan turmi biyar, da Federer, yana da shekara 22 da wata ɗaya da kwana uku. Abin mamaki ne, kuma babu laifi a yi mamakinsa. Amma bai ƙara ko ƙwayar zarra ga hasashe ba. In aka tara ranaku da adadi masu yawa na mutum biyu, dole wasu su faɗo a kan juna, kuma waɗanda suka faɗo ɗin ne kawai ake yayatawa.

Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne na adalci, domin laƙabin ba a kan takarda yake tsayawa ba, a kan mutum yake sauka. Grigor Dimitrov na Bulgeriya an laƙaba masa sunan ƙaramin Federer tun yana matashi saboda bugunsa na bayan hannu da hannu ɗaya da kuma kyawun motsinsa. Ya kai na uku a duniya, ya ci gasar ƙarshen shekara ta zaratan takwas a Landan a 2017, ya je zagayen kusa da ƙarshe a manyan gasanni sau uku, abin da babu namijin ƙasarsa da ya taɓa yi. Duk da haka an fi ba da labarinsa a matsayin wanda bai cika alkawari ba, alkawarin da ba shi ya ɗauka ba. Gasquet ya kai na bakwai a duniya, ya ci wasanni sama da 600 kafin ya yi ritaya a 2025, shi ma haka. An ɗora musu bashin da ba su ci ba, aka kuma zarge su da ƙin biya.

Labarin Jennifer Capriati ya fi waɗannan ɗaci. Chris Evert, mai kofuna 18, ta yi ritaya a 1989, Amurka na neman wadda za ta maye gurbinta. Capriati ta tashi a Florida kamar Evert, mahaifin Evert ma ya koyar da ita tana ƙarama. Ta shiga wasan manya a 1990 tana da shekara 13, ta shiga sahun goma na farko tana da 14, ta ci zinare a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. A ƙarshen 1993 ta bar wasa, ta shiga wani hali mai wuya wanda jaridu suka baza a duniya. Abin da ya same ta yana cikin dalilan da suka sa hukumar tanis ta mata ta kafa dokar taƙaita yawan gasannin da 'yan ƙasa da shekara 18 za su shiga. Ta dawo daga baya ta ci manyan gasanni uku a 2001 da 2002, lokacin da babu mai kiranta sabuwar kowa. Ba za a ce laƙabi kaɗai ne ya jawo mata abin da ya faru ba, amma yarinya 'yar shekara 13 da aka aza wa tsammanin ƙasa guda an yi mata abin da bai dace ba. Coco Gauff, wadda ta kayar da Venus Williams a Wimbledon a 2019 tana da shekara 15 aka shiga kiranta magajiyar Serena, ƙanwar Venus, a ƙarƙashin wannan doka ta taso, ta kuma ci gasar Amurka a 2023 da Roland Garros a 2025. Amma wanda ya riƙe kofuna 23 na Serena a matsayin ma'auni zai daɗe bai ga girman abin da ta yi ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce a daina kwatanci ɗungurungum, kuma ba zai yiwu ba. Ɗan Adam da abin da ya sani yake gane abin da bai sani ba. Ba don an san shekarun da Hewitt ya hau matsayi na ɗaya ba, da babu mai fahimtar abin da Alcaraz ya yi a 2022. Mai horarwa yana buƙatar misalan magabata don ya nuna wa yaro inda ƙafarsa za ta tsaya. Koyi da na gaba kuma hanya ce ta girma da kowace al'umma ta yarda da ita, kuma Alcaraz bai taɓa ɓoye cewa Nadal ne gwaninsa tun yana yaro ba. Sun ma yi wasan 'yan bibbiyu tare da sunan Sifen a gasar Olamfik ta Paris a 2024, 'yan watanni kafin Nadal ya yi ban kwana a Malaga a watan Nuwamba. A fagen dambe an san yadda yaro kan ɗauki sunan ubangidansa ya zama shagon wane ko autan wane. Wannan suna yana faɗin inda ya sha ne, shi ya zaɓe shi, kuma ba ya nufin dole ya kashe adadin mazan da ubangidan ya kashe. Laƙabin da 'yan jarida ke maƙala wa ɗan tanis kuwa daga waje yake zuwa, kuma adadi yake nema. Shi ya sa Alcaraz, tare da girmama Nadal, ya sha roƙon a bar shi ya zama Carlos.

Iyakar da hankali ke yarda da ita a bayyane take. Kwatancin da ya tsaya a kan abin da ya riga ya faru, aka auna shekaru da shekaru, fili da fili, aka faɗi bambanci kamar yadda aka faɗi kama, ilimi ne mai amfani. Wanda ya ɗauki rayuwar gwarzo gaba ɗayanta ya ɗora a gaban wanda ke farkon tasa, ya ce cika wannan ko ka gaza, ƙiyasi ne gurɓatacce ta fuskar hankali, zalunci ne kuma ta fuskar ɗabi'a, har ga shi gwarzon, domin yana sa shekaru 17 na ciwo da haƙuri su zama kamar abin da kowane yaro mai baiwa zai tsinta a hanya. Kama da wane ba ta wane.

Bisa wannan ma'auni ga abin da za a iya faɗi. A watan Satumban 2025 Alcaraz ya ci gasar Amurka karo na biyu, kofinsa na shida, yana da shekara 22, biyu a kan kowane irin fili. Nadal ma yana da shekara 22 ya kai shida, a gasar Ostiraliya ta 2009, huɗu daga ciki a kan jar ƙasa. A wannan mataki sun yi kunnen doki a adadi, matashin ya ɗara a yadda kofunansa suka rabu daidai tsakanin filaye. Sauran kofuna 16 na Nadal kuwa bayan wannan matakin ya ci su, daga 2010 zuwa 2022.